Tsatson Uba na R-V88 da Asalin Masu Harsunan Cadi

1. Gabatarwa

Tun da aka fara rubuta tarihin ƙasar Hausa da maƙwabtanta, babu tambayar da ta fi damun malamai kamar ta asali, watau daga ina mutanen nan suka fito, kuma yaushe. Shaidu biyu aka saba kira a kan wannan shari'a. Na farko shi ne labarin kaka da kakanni da littattafan tarihi na gida, irin su labarin Bayajida da Tarihin Kano. Na biyu shi ne harshe, watau a jera Hausa da 'yan'uwanta a ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Daga farkon ƙarni na 21 sai ga shaida na uku ya shigo zaure, shi ne ilmin gadon halitta, wanda ya ke bin sawun zuriya cikin jikin ɗan Adam kansa.

Nufin wannan takarda a bi tarihin tsatson uba guda ɗaya, wanda masana suka laƙaba wa suna R-V88, tun daga inda ya tsiro har zuwa bakin Tafkin Cadi, sa'an nan a auna shi da abin da harshe ya nuna. Mai karatu zai ga cewa shaidun nan biyu sun haɗu a wuri ɗaya da zamani ɗaya, amma kowanne da ƙofar da ya shigo ta ciki. Wanda bai lura da wannan bambanci ba, lalle zai koya wa almajiransa tarihin da ba shi da tushe.

2. Yadda tsatson uba ke barin sawu

A cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum akwai waɗansu zarurruka guda 46 da a ke kira kuromosom, an jera su biyu-biyu, tagwaye 23. Rabinsu daga uba, rabi daga uwa. A jikinsu ne a ke samun rubutun gado, wanda a ke taƙaita sunansa da haruffan DNA. Tagwaye 22 su kan cakuɗa a kowace haihuwa, har ya zama bayan 'yan ɗaruruwan shekaru da wuya a ce ga kason kaka wane. Tagwaye na ƙarshe su ne masu raba namiji da mace: mace tana da X biyu, namiji yana da X ɗaya da Y ɗaya. Shi wannan Y daga uba ya ke zuwa ga ɗa namiji kaɗai, kuma mafi yawansa ba ya cakuɗa da na kowa. Saboda haka Y ɗin da ke jikin mutum yau, kusan shi ne na ubansa, da uban ubansa, haka har iyakar salsala.

Da a ce ba ya sakewa ko kaɗan, da babu tarihin da za a karanta a cikinsa. Amma jifa-jifa a kan sami harafi ɗaya ya sauya wajen haihuwa, sai dukan 'ya'ya maza da jikokin wannan mutum su gaji sauyin. Misalinsa kamar littafin da almajirai ke kwafa da hannu ne. In wani ya yi tuntuɓen alƙalami a shafi na goma, duk wanda ya kwafa daga nasa zai ɗauki tuntuɓen, kuma mai nazari zai iya tara kofe ɗari ya ce waɗannan talatin daga hannu ɗaya suka fito. Mu ma masu nazarin harsuna da irin wannan hanya mu ke rarraba harsuna gida-gida, domin sabon sauyin da harsuna biyu suka yi tarayya a kai shi ne ke nuna sun taɓa zama abu ɗaya. Tun da ya ke an san kimanin yawan sauyin da kan auku cikin ƙarni, a kan iya ƙiyasta shekarun kowane reshe, ko da ya ke ƙiyasi ne mai faɗi, ba ranar wata ba.

An raɗa wa manyan rassan sunaye da haruffa, daga A zuwa T. Mafi yawan mazan Afirka ta Yamma suna cikin reshen E-M2. A Afirka ta Arewa da ƙasashen Habasha da Somaliya ɗan'uwansa E-M35 ya fi yawa. A Jazirar Larabawa reshen J ne ke da rinjaye, a Turai ta Yamma kuwa R1b.

3. Baƙon reshe a duwatsun Mandara

A shekarar 2002 Fulvio Cruciani na Jami'ar Rum da abokan aikinsa suka ba da labarin wani abin mamaki. Sun tarar da reshen R, wanda aka sani da Turai da Asiya, ya yi yawa ƙwarai cikin waɗansu ƙabilun arewacin Kamaru. A 2010 suka gano tambarin da ya keɓe wannan reshe, suka kira shi V88, suka kuma ba da lissafi. Cikin mazan Uldeme 22 da aka auna, 21 suna ɗauke da shi. Cikin Mada da Mafa ya haura kashi 80 cikin 100. Cikin Hausawan arewacin Nijeriya 10 da aka auna, an same shi ga mutum 2. A zangon Siwa na yammacin Masar, inda a ke yin wani harshe na Barbar, ya kai wajen kashi 27 cikin 100. Kafin wannan, a 2008, Hisham Hassan da abokansa sun auna Hausawan Sudan 32, suka sami R1b ga wajen kashi 40 cikin 100. Ya kamata mai karatu ya riƙe ƙanƙantar waɗannan adadai a zuciyarsa, gama mutum goma ba su isa su tsaya a madadin miliyoyin Hausawa ba. Duk da haka sawun a fili ya ke: reshen ya fi kauri a kudu da Tafkin Cadi, cikin masu harsunan Cadi, yana kuma sirancewa in aka yi nisa da nan.

To, daga ina ya zo? Tushen R dai a Asiya ya ke. Mafi tsufan ƙasusuwan da aka same shi a ciki su ne na wani yaro da aka binne a Mal'ta, kusa da Tafkin Baikal a Saberiya, wajen shekara 24,000 da suka wuce. R1b kuwa an same shi ga wani maharbi da aka tono a Villabruna, arewacin Italiya, mai shekara wajen 14,000. Daga baya R1b ya rabu. Reshe ɗaya, M269, shi ne ya bazu daga filayen arewacin Bahar Aswad wajen shekara 5,000 da suka wuce, har ya zama yau fiye da rabin mazan Turai ta Yamma nasa ne. V88 ya rabu da kakannin wannan reshe fiye da shekara 10,000 da suka wuce, saboda haka ba daga Turawan yau ya fito ba. Shi da nasu 'yan maza ne masu nisa.

Da fari Cruciani ya zaci V88 ya shigo Afirka daga yammacin Asiya ne, ya ƙiyasta shekarunsa tsakanin 9,200 da 5,600. Tsofaffin ƙasusuwa suka zo suka sake zancen. A 2015 aka same shi ga wani mutum na zamanin farkon noma a kogon Els Trocs na ƙasar Sifen, mai shekara fiye da 7,000. A 2018 aka sami mafi tsufan rassansa cikin maharba da masunta na bakin kogin Danub, kan iyakar Sabiya da Rumaniya, da kuma a Yukiren. A 2020 aka tarar da shi cikin mutanen dā na tsibirin Sardiniya, inda har yanzu akwai ragowarsa. A cikin 2018 ɗin kuma Eugenia D'Atanasio da abokanta suka karanta rubutun Y na maza da yawa daki-daki, suka nuna rassan da suka fara rabuwa na Turai ne, na kudu da Hamada kuwa sun taru ga kaka ɗaya wanda ya rayu wajen shekara 5,700 da suka wuce, kuma zuriyarsa ta yaɗu da sauri. Ma'anar wannan ita ce reshen ya daɗe a kudu maso gabashin Turai, ya bi gaɓar Bahar Rum, ya ƙetara zuwa Afirka ta Arewa, sa'an nan ya gangaro kudu.

Ƙetare tekun a wancan zamani ba tatsuniya ba ce. An sami baƙin dutse mai kaifi na tsibirin Pantelleria a tsofaffin kufai na Tunisiya. Binciken 2023 ya nuna gadon manoman Turai cikin ƙasusuwan Kaf Taht el-Ghar a Maroko, masu shekara fiye da 7,000, na 2025 kuma ya nuna ɗan kason maharban Turai ga wani mutum na Djebba a Tunisiya, mai shekara wajen 8,000.

Akwai masu wani ra'ayi dabam. A 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi suka ce Larabawan Baggara, dangin Shuwa, su ne suka kawo reshen yankin Cadi cikin 'yan ƙarnukan baya. Zuwan Larabawa makiyaya tabbatacce ne, gama wajen 1391 Mai Usman ɗan Idris na Barno ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ takardar kuka a kan ɓarnar Larabawan Juzam. Amma wannan ra'ayi ya gamu da cikas biyu. Reshen ba shi da yawa a Jazirar Larabawa, kuma rassansa na Afirka sun riga sun rarrabu tun dubban shekaru kafin Balarabe ya shayar da saniyarsa a Tafkin Cadi.

4. Hamada sa'ad da ta ke kore

Wanda ya san Hamada ta yau zai yi mamakin yadda mutane da dabbobi za su ratsa ta ba raƙumi. Amsar ita ce, daga wajen shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce damina tana kaiwa can arewa, ƙasar kuwa ciyawa ce da tafkuna da koguna. Tafkin Cadi ya kai faɗin murabba'in kilomita wajen 350,000, alhali cikin shekarun 1960 bai wuce 25,000 ba. Tudun yashin nan da ya bi ta Maiduguri zuwa Bama tsohuwar gaɓarsa ce. A 1987 wani Bafillace mai haƙa rijiya ya ci karo da wani kwalekwale a Dufuna, ƙasar Yobe, tsawonsa ya fi mita 8, shekarunsa wajen 8,000. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Nijar, Paul Sereno ya gano wata makabarta a 2000, inda al'ummu biyu suka zauna bi da bi a bakin tafki, da ƙasusuwan kifi da kada da dorina. Zanen raƙuman dawa a Dabous na Azbin da zanen garkunan shanu a duwatsun Tassili duk shaidu ne na wannan zamani.

Cikin wannan ni'ima kiwo ya bazu. Tumaki da awaki daga yammacin Asiya suka shigo, shanu kuma suka cika tsakiyar Hamada. A kogon Takarkori na kudancin Libiya an sami sauran maiƙon nono jikin tukwane masu shekara wajen 7,000. A 2025 aka karanta gadon mutum biyu na wannan kogo, aka tarar mafi yawansa na wata tsohuwar zuriyar Afirka ta Arewa ne wadda ta daɗe a ware. Su biyun mata ne, saboda haka ba su ɗauke da Y, amma sun nuna wani abu mai amfani: sana'ar kiwo ta iya shiga cikin jama'a ba tare da an sake jama'ar ba.

Da ruwa ya fara janyewa, makiyaya suka bi ciyawa zuwa kudu, kuma babbar matattarar da ta rage ita ce kwarin Cadi. Lokacin da zuriyar kakan nan na V88 ta yaɗu ya yi daidai da wannan gangarowa. Dalilin saurin yaɗuwarta ba boyayye ba ne ga wanda ya san zaman makiyaya. Inda dukiya garke ce, gado kuma ta wajen uba, mai shanu shi ke da abin aure, 'ya'yansa maza su ke gadonsa, su ma su tara iyali. Bayan ƙarni kaɗan sai gida ɗaya ya zama gari.

5. Abin da harshe ya ce

A 1950 Joseph Greenberg ya tabbatar cewa Hausa da sauran harsunan Cadi reshe ne na babban gidan da ya kira Afro-Asiya, tare da harsunan Samawa irin su Larabci da Ibrananci, da Misiranci na dā, da Barbarci, da harsunan Kush. A 1966 Paul Newman da Roxana Ma suka jera ƙa'idodin sauyin sauti da suka nuna harsunan Cadi daga uwa ɗaya su ke, a 1977 kuma Newman ya kasa su huɗu: na Yamma, inda Hausa ta ke tare da Gwandara da Bolanci da Angas da Bade da Ngizim, da na Biu-Mandara, inda Bura da Margi da Mafa da Uldeme su ke, da na Gabas, da na Masa. Yawansu ya haura 150.

Dangantakar a bayyane ta ke cikin kalmomin da ba a cika aronsu ba. Mutu a Hausa, maata a Larabci, mwt a Misiranci. Suna da ism, harshe da lisaan, me da maa. Huɗu da Misiranci fdw, ƙashi da ƙs. Haka kuma ta ta mace a cikin ta zo, da ma ta farkon mabuɗi, wadda ita ce ta miftaah. Waɗannan gadon gida ne, sun bambanta da irin su littafi da alƙali da aka aro daga Larabci bayan zuwan Musulunci.

A kan hanyar da masu tsohon harshen Cadi suka biyo, Christopher Ehret ya ce daga tsakiyar Hamada suka gangaro wajen shekara 7,000 da suka wuce. Roger Blench kuwa ya ce daga gabas suka zo, makiyaya ne da suka bar kwarin Nilu suka bi Wadi Howar, wani kogi da ya ƙafe a arewacin Sudan. Ra'ayin Ehret ya fi dacewa da sawun V88, gama ga shi a Siwa da cikin Barbar. Ko wanne aka bi, zamanin ɗaya ne, sana'ar ma ɗaya ce, har kalmar nan sa, tushen saniya da shanu, tana da dangi cikin rassan Cadi. Iyakar jituwar ke nan.

Saɓanin kuwa ga shi. Na ɗaya, mafi yawan masana a arewa maso gabashin Afirka su ke ajiye mahaifar Afro-Asiya, domin dukan rassanta a Afirka su ke, ban da na Samawa, wanda shi ma yana da kaso a Habasha. Reshen uban da ya fi bin waɗannan harsuna E-M35 ne. V88 kuwa daga hayin teku ya zo, inda babu wata alamar harshen Afro-Asiya a wancan zamani. Hankali ya fi karɓar cewa masu shi sun tarar da harshen a Afirka ne, suka shiga cikin masu shi, jikokinsu suka tashi da shi. Na biyu, reshen bai tsaya kan iyakar harshe ba. Yana da yawa cikin Mundang, waɗanda harshensu na gidan Adamawa ne, da cikin Fulani da Shuwa, kuma a 2016 Marc Haber ya same shi ga wajen sulusin Tubawan Cadi da ya auna, su kuwa harshensu ɗan'uwan Barbarcin Barno ne, watau Kanuri. Na uku, tsatson uwa yana ba da wani labari. A 2009 Viktor Černý ya nuna wani reshen uwa, L3f3, wanda ya keɓanta da masu harsunan Cadi, tushensa kuwa a gabashin Afirka ya ke. A shekarar nan kuma babban binciken Sarah Tishkoff ya nuna, in aka duba gadon jiki gaba ɗaya, masu harsunan Cadi sun fi kusa da maƙwabtansu masu harsunan Nilo-Sahara.

6. Ramuka biyu da ya kamata a kauce wa

Rami na farko shi ne tsohon zancen Hamawa. Carl Meinhof a 1912 da C. G. Seligman a 1930 sun koyar cewa waɗansu makiyaya masu hasken fata ne suka shigo suka kawo wa baƙar fata harshe da sarauta da wayewa. Greenberg ya rushe wannan ta fuskar harshe, ya nuna an cakuɗa launin fata da sana'a da nahawu cikin ƙwarya ɗaya. Wanda ya ji an ce reshen ya fito daga Turai, ya ce ashe Seligman ya yi gaskiya, bai yi lissafi ba. Mutum yana da iyaye 2, kakanni 4, in aka koma baya hawa goma gurabun kakanninsa 1,024 ne, Y kuwa guda ɗaya tak ya ke bi cikinsu. Tsakaninmu da kakan nan na shekara 5,700 akwai hawa wajen 200. Ba'uldeme mai V88 ɗan Afirka ne kamar maƙwabcinsa mai E-M2. Yawan reshen a ƙabilarsa kuwa abin da a kan gani ne ga ƙaramar jama'a ta kan dutse, inda maza ke zaune a gidan ubansu, mata su ke zuwa daga waje. Kama da wane ba ta wane.

Rami na biyu shi ne a ce ga Bayajida an gano shi cikin jini. Bisa lissafin da H. R. Palmer ya yi wa Tarihin Kano, wanda ya buga fassararsa a 1908, Bagauda jikan Bayajida ya fara sarauta a 999. Tsakanin wannan da yaɗuwar V88 akwai fiye da shekara 4,000, kuma reshen ya fi yawa cikin mutanen da ba su san rijiyar Kusugu ba. Labarin Bayajida yana da darajarsa, domin yana bayyana yadda Hausa Bakwai suka ɗauki zumuncin sarautunsu. Abdullahi Smith ya nuna a 1970 cewa birane da sarautun Hausa a gida suka tsiro, daga ƙauye zuwa gari zuwa birni.

Har wa yau, zama Bahaushe bai taɓa rataya ga tsatso ɗaya ba. Wangarawa sun zo Kano daga Mali zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14. Agalawa da Tokarawa daga wajen Azbin suka fito, Kambarin Barebari daga Barno, ga Larabawan Gadamas, ga Fulanin gida, duk jikokinsu yau Hausa su ke yi, da ita su ke mafarki. Harshe a bakin uwa da dandali da kasuwa a ke ɗaukarsa, Y kuwa sai ta hanyar uba. Abin da ya faru a Kano cikin shekara 600, ga rubutu na shaida, shi ne irin abin da ya faru a Hamada da bakin Cadi cikin dubban shekaru.

7. Kammalawa

Malamin da zai koyar da wannan babi a kwalejin horon malamai, ya kyautu ya raba wa almajiransa tambayoyi uku, kowace da shaidarta: daga ina harshen ya zo, daga ina sarautun suka taso, daga ina kuma zuriyoyin mutanen suka taru. Tarihin R-V88 yana amsa wani yanki ne na ta uku. Yana nuna wani gida na maza da ya taso daga bakin Danub, ya ƙetare Bahar Rum, ya yi kiwo a Hamada tana kore, ya sami harshe da surukai a Afirka, sa'an nan fari ya koro shi zuwa kwarin Cadi tare da sauran jama'a.

Aikin da ya rage a wuyanmu mu masu harshe shi ne tattara kalmomin kiwo da noma da su cikin ƙananan harsunan Cadi na Bauchi da Filato da Gwoza, gama da su ne za a auna ra'ayin Ehret da na Blench. Da yawa cikin waɗannan harsuna yara sun fara barinsu sun koma Hausa, tsofaffin da suka san sunayen shanu da na hatsi kuwa suna ƙarewa. Ƙashi ya kan jira mai tono shekara dubu bakwai, amma kalma da mai ita ta ke tafiya.